Laburarenmu da Albasar Irin Baba

Ɗazu a shagonmu na Jega, abokin aikina Sanusi ya ce, "Wanga laburaren manhaja da munka haɗa da kanmu, in aje shi /usr/lib tare da na tsarin kwamfutar?"

Na ce, "A'a, kai shi /usr/local/lib. Iri ba ya kwana rudun saidawa."

Sai na tuna maganar marigayi Baba ce. A Aliero, daban yake ajiye albasar iri. Ranar da masu lodi suka zo, duk abin da ke cikin rudu, wato rumbun albasar saidawa, kwashewa suke, kamar yadda sabunta tsarin kwamfuta ke danne abin da ya tarar a /usr/lib.

Wallahi har warin rudun nan na ji. Allah ya jiƙan Baba.

Ku fa, wace maganar iyayenku ke suɓuto muku a bakin aiki?