Firji a Bayan Jif, Tulu a Gaba

Kakana na wajen uwa dillalin shanu ne a zamaninsa. Ko da ƙarfi ya tafi ya daina zuwa kara, bai rabu da shanu ba. Akwai 'yan kaɗan da ya bari a hannun wani Bafulatani amininsa can cikin daji, tafiyar awa biyar daga Kano, biyu a kan kwalta, uku a kan wani abu da sai mai ƙarfin imani zai kira shi hanya. Duk shekara idan aka yanke gero sai ya je rugar ya kwana uku. Ba wani aiki yake yi ba. Zama yake a gindin tsamiya yana kallon shanu suna tuƙa, yana ba su labarin iyayensu. Amma idan ya dawo Gyadi-Gyadi sai ka rantse sabis aka yi masa.

Sai ciwon suga ya kai shi ga allura safe da yamma, irin mai kamar biro ɗin nan, wadda ba ta son zafi. Kakata Hajiya, wadda nake kira amaryata don in ba shi haushi, ta ce an gama zuwa daji. Shekara biyu tsoho bai je ba. Bai yi gardama ba, sai dai ya rage magana, ya koma zaman ƙofar gida yana kallon adaidaita sahu kamar su ne shanun.

Ni kuwa ina da tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, wadda muke zuwa bakin dam da ita ni da abokaina mu kafa tanti mu kama kifi. Kula muke cikawa da ƙanƙara, kafin washegari ta zama kududdufi, nama yana iyo da kwalaben lemo. Na daɗe ina son in sayi firjin mota, ga dalili ya zo har gida.

Na ce, "Amaryata, ba ni aron tsohon nan, in kai wa kishiyoyin naki masu ƙaho su gan shi."

Ta ce, "Ja'iri. Allurar fa, a bakinka za ka riƙe ta?"

"Firji zan saya, na mota."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Sau ɗaya zan ba ka shi. Idan aka samu matsala, kada wanda ya ƙara yi mini zancen daji har in mutu."

Tsoho yana jin mu daga tabarma. Na ga ya gyara zaman hularsa.

Akwai wani mai kayan Beljiyam a Tarauni, shagonsa kamar an zazzage Turai a ciki. Da farko ya nuna mini wani ɗan ja mai kyau, mara nauyi. Na jona, na ji yana hura iska kamar tsohuwa tana fifita wuta.

Na ce, "Wannan firji ne ko fanka ce ta sa riga?"

Ya yi dariya. "Oga ka san kaya. Wannan ba shi da kwamfureso, rage zafi kawai yake. A zafinmu sai dai ya ba ka ruwan alwala."

Sannan ya jawo na gaskiyan daga ƙarƙashin tebur, ruwan toka, ya sha duniya, amma yana gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Yana da ɗan gilashi mai nuna lamba, ka sa masa sanyin da kake so, tun daga na ruwan sha har na daskarar da rago. Akwai wani da ya fi shi girma, wanda ni kaina zan iya kwanciya a ciki, na ƙyasa. Mai shagon ya ce babba ya fi shan batir, kuma rabinsa iska zan riƙa sanyayawa. Na ɗauki matsakaici.

Daga nan sai wurin mai wayarin mota a Hotoro. Shi ya hana ni jona shi a ramin kunna sigari in tafi. Ya ce idan na kashe mota firji ya kwana yana tsotsar batir, da safe sai dai shanu su ja mu zuwa Kano. Ya sa mini batir na biyu, na firjin shi kaɗai, da faifan sola da zan shimfiɗa a rana. Ya ɗaure firjin da igiya huɗu, ya ce kada in jibga kaya a kan hancinsa inda yake numfashi, in kunna shi a gida tun jajibiri, kayan da zan zuba ma su shiga da sanyinsu.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Kudu, Kirista, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, duk layin Sista muke ce mata. Ita ta koya wa Hajiya yin allurar. Ta zo ta duba firjin, ta danna har lamba ta tsaya a kan huɗu.

Ta ce, "Ɗana, huɗu. Ka ji? Maganin nan sanyi yake so, ba ƙanƙara ba. Idan ya yi ƙanƙara ya mutu."

Na ce, "Sista, ni fa injiniya ne, takarda ce kawai babu."

"Shi ya sa na faɗa sau biyu."

Ranar tafiya, mun gama loda tanti da tabarmi da buhun shinkafa na tsaraba, sai ga Hajiya rungume da wani tulu, bakinsa ɗaure da tsumma. Ta ce ruwan firji yana kashe wa Alhaji haƙori, na tulu zai sha.

Na ce, "Haƙoran nawa suka rage? Na kawo Turai cikin mota, ke kuma kin kawo zamanin Annabi Nuhu."

Ta ce, "A gaba za a sa shi, tsakanin ƙafafunsa."

Haka muka tafi, tsoho ya rungume tulu kamar jariri, ni ina tsokanarsa a duk ramin da muka faɗa.

Mun isa bayan azahar. Baffa, amininsa, ya tare mu tun daga nesa, suka riƙe hannun juna suna gaisuwa har na gama kafa tanti ba su kai kan lafiyar shanu ba. Na ajiye motar a inuwar tsamiya, na shimfiɗa sola a rana. Mutanen ruga suka zo kallo. Ni kuma abin da nake jira ke nan. Na riƙa buɗe firji ina miƙa ruwa mai sanyi kamar mai rabon zakka, ina ce musu ko giwa aka yanka zai riƙe. Matar Baffa ta kawo kindirmo a ƙwarya, na juye a roba na tura ciki. Tsoho ya yi allurarsa ta yamma, na mai da biron cikin firji kusa da ɗan'uwansa, don biyu aka ba ni, ya ci tuwo, ya koma cikin shanunsa. Na jiyo shi yana dariya, irin wadda na manta yana da ita.

Wajen faɗuwar rana na leƙa, sai na ga alamar batir ta sauka da layi ɗaya. Layi ɗaya tak, cikin huɗu. Mai wayarin ya faɗa mini haka zai yi, kuma da safe rana za ta mayar. Amma ni ɗan Kano ne. Mu tun muna yara, da an kawo wuta, kafin a kunna fanka sai an ruga an murɗe firji har ƙarshe, ya tara sanyi kafin a ɗauke. A gidanmu lambobin tsakiya na firji ado ne, ba wanda ya taɓa amfani da su. Ban ma yi shawara da kaina ba. Yatsana ne ya tafi shi kaɗai, ya danna, ya danna, har lamba ta koma sha takwas ƙasa da sifili. Na ce to, ko batir ya mutu mun tara. Na tafi salla ina jin kaina mai dabara.

Da safe bayan mun idar da asuba, gari ya fara haske, na je ɗauko allura. Na ɗaga murfi, hayaƙin sanyi ya bugi fuskata. Fiya wata ya zama dutse, da za ka jefi kura da shi sai ta suma. Kindirmo ya zama bulo. Biro biyu na tsoho suna kwance a gefe, farin gashi ya fito musu, ruwan cikin ya tsaya cak. Batir kuwa yana nan da layinsa biyu, yana kallona.

Na zauna a bayan motar na dunƙule su a tafin hannu. Cikin 'yan mintuna suka narke, suka koma garau kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya gani. Zan faɗi gaskiya, na yi tunanin in miƙa masa haka in yi shiru. Na jiyo shi a bayan tanti yana tambayar Baffa wata saniya mai farin goshi, ko ta haihu.

Na hau kan wani suri inda waya take kamawa, na kira Sista.

"Ya narke fa, Sista. Tas yake."

"Ya yi ƙanƙara?"

"Kaɗan. Na ɗan lokaci."

"Jefar. Ido ba ya ganin mutuwarsa. Za ka yi masa, suga ya hau, kai kana daji. Nawa ka sa?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Injiniya."

Na sauko na sami tsoho zaune a tabarma, an ajiye masa fura yana jiran allura kafin ya sha. Na durƙusa, abin da ban saba yi masa ba.

Na ce, "Alhaji, na yi ɓarna. Na ƙure firji, allura ta daskare, duka biyun. Sai mu naɗe kaya yanzu, kafin azahar muna gida."

Ya daɗe yana kallon shanun. Kwana ɗaya cikin uku, kuma mu duka mun san abin da Hajiya ta ce. Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa.

Can tsoho ya ce, "Yau ni ne Alhaji? Ina tsoho ya tafi?"

Sai ya nuna tsamiyar da hannu.

"Ɗauko mini zamanin Annabi Nuhu."

Tulun yana rataye a reshen tsamiya, jikinsa yana zufa. Na kawo. Ya kwance tsumman, ya ja wani zare da ke ɗaure a wuyan tulun, sai ga ƙullin leda ya fito yana ɗiga. Leda cikin leda cikin leda, irin ƙullin Hajiya da sai ka yi alwala kafin ka kwance. A ciki biro na uku ne, sabo, da sanyinsa mai daɗi kamar na hannun mai wanki.

Na sake hawa suri. Sista ta ce kwana uku a tulu cikin inuwa ba komai, ita ce ma ta nuna wa Hajiya yadda za ta ƙulle. Wato su uku suka haɗa kai, ni kaɗai ne baƙo a tafiyar da na shirya.

Ya yi allurarsa, ya sha fura. Na mai da firji kan huɗu, na yanko salatif na manne maɓallan don kada yatsana ya ƙara tafiya yawo. Kwana biyun da suka rage firjin ya yi aiki lafiya lau, ruwa da nama da kindirmo, amma allura ba ta ƙara shiga ba. Tsoho ya ga saniyarsa mai farin goshi da ɗan maraƙinta, ya zauna yana yi wa maraƙin bayanin kakarsa. Ni kuma Baffa ya laƙaba mini mai ƙanƙara, har yau haka suke kirana a rugar.

A hanyar dawowa na ce, "Tsoho, sai mun faɗa mata?"

Ya ce, "Biro uku ta ba mu. Ka taɓa ganin ta manta abin da ta bayar?"

Mun same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ban bari ta tambaya ba, na ajiye matattun biro biyu a gabanta na faɗi komai, har da tunanin da na yi a bayan mota. Ta saurara, hannunta bai tsaya ba. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, wanda ya shigo da sallama mai ƙarfi har kaji suka watse, yana neman wanda zai ba labarin maraƙi.

Na ce, "Amaryata, ya aka yi kika san zan ƙure shi?"

Ta nuna firjinta na falo da haɓa. "Je ka duba nawa."

Na je na buɗe. A murɗe yake har ƙarshe, tumatir ya zama ƙwallon dutse. Allurar tsoho kuwa, ashe tun da aka fara ta, a firjin Sista take kwana.

Ta ce, "Ni na haifi uwarka. Da ni ce a dajin, tun a hanya zan ƙure shi."

"To zancen baɗi fa?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Da ka ɓoye mini, da an gama. Baɗi tulun zai zauna a kujera, a ɗaura masa bel. Ya fasa baki a ramukanku."

Mun je baɗin, mun je wadda ta biyo. Salatif ɗin yana nan a kan maɓallan, ya yi baƙi, ban cire ba. Tulu yana gaba da bel ɗinsa, tsoho ya koma kujerar baya kusa da firji, yana ta mita wai an fifita tulu a kansa.