Jubletar Prenda

Shekara uku uwar Prenda ta yi tana ɗinka mata jubleta, baƙar rigar ulu mai nauyi da ake harhaɗawa layi bisa layi har ta buɗe a ƙasa kamar ƙararrawar coci. Da ita aka kai Prenda gidan miji, kuma a duwatsunmu na arewacin Albaniya kowa ya san da ita za a kai ta kabari. Tsofaffi na cewa matar da aka binne ba jubletarta, danginta ba za su gane ta a lahira ba.

Prenda ba ta haihu ba. Bayan rasuwar mijinta Gjon ta ci gaba da kiwon awaki da yin cuku, ta kuma raini Arjola, ɗiyar ƙanenta, da iyayen suka tafi Italiya neman aiki. Duk shekara sai Prenda ta fito da jubletar daga akwati ta shanya, ta mayar da ita da ganyen taba saboda asu.

Arjola ta girma ta zama mawaƙiya. A watan Disamba aka zaɓe ta ta wakilci ƙasa a gasar waƙa ta Turai, wadda ake nunawa a talabijin. Da ƙanƙara ta narke sai ga ta a ƙauye, tare da wani mai tsara tufafi daga birni.

"Gwaggo, aron jubletarki na zo. Duk Turai za ta gan ta!"

"Ke? Da wannan muryar da kike korar min awaki da ita?" Prenda ta yi dariya, sannan ta gimtse fuska. "Kin dai san ranar da nake ajiye wa rigar nan."

"Haba Gwaggo, ai ke za ki binne mu duka."

"Ki dawo min da ita yadda kika ɗauka. In ajalina ya zo, ba zan jira ki ba."

Mutumin ya ɗaga rigar ya yi nishi, ya ce ai wannan nauyin ɗan maraƙi ne. Ko arzikin tambaya bai yi ba, balle a gaya masa ko ta mece ce.

Ranar gasar duk ƙauye ya taru a shagon kofi, aka ba Prenda kujerar gaba. Arjola ta fito, fitilu suka haske ta, sai ga jubleta ta tsaya a gwiwa. Layi huɗu na ƙasa an datse su da almakashi, wai don yarinya ta ji daɗin sauko da matakala. Mazan shagon suna ta tafi da fito. Matan kuwa babu wadda ta iya kallon Prenda. Ta tashi ta tafi gida tun waƙar ba ta kai rabi ba.

Ba mu ci ba, ba mu kuma zo na ƙarshe ba. Jaridu suka yi ta yabon mai tsara tufafin nan, mai almakashi, wai ya raya al'adar gargajiya. Raya al'ada! Likkafanin tsohuwa ya yanka, aka tafa masa.

Arjola ta dawo da rigar, da layi uku a leda. Na huɗun an share shi da shara a can wurin gasar.

"Gwaggo, sai da aka gama yankawa na gani. Na ji tsoron gaya miki."

"Kuka ba ya ɗinki. Zura min zare, idona ya mutu."

Watanni biyar suka yi a bakin ƙofa, tsohuwa na nunawa da yatsa, mawaƙiya na soke hannu da allura. Ba sauran mai saƙa irin ulun a duk kwarin, don haka Prenda ta ciro baƙar rigar sanyin Gjon ta ce a yanki layi na huɗu daga ciki.

"In uwata ba ta gane ni ba," in ji ta, "shi zai gane rigarsa."

Ta rasu a Nuwamba. Mu matan unguwa muka sa mata jubleta, mu huɗu saboda nauyi. Ta rufe mata idon sawu. Ɗinkin layin ƙarshe a karkace yake, na Arjola ne, kuma babu wadda ta ce a gyara.