Ranar da kuloci ya mutu mana a hanyar Zurmi

Ko da zan manta da duk wahalar da motata ta ba ni, ba na jin zan manta da ranar da ta tsaya da ni da Innata a hanyar Zurmi zuwa Ƙaura.

Motar otomatik ce da farko. Da giyarta ta lalace, bakanikena a Ƙaura ya ba ni shawarar a mayar da ita manuwal, wai ko ta ƙi tashi sai a tura. Aka sa mata wata giya da kuloci, na murɗa makulli, shiru. Sai da mai gyaran wayar mota ya zo ya gano cewa motar tana nan tana jiran tsohuwar giyarta ta ba ta izinin tashi. Ya haɗe wasu wayoyi biyu, ta tashi. Ya ce, "Amma ka kiyaye, yanzu ko cikin giya take, kana murɗa makulli za ta zabura." Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce wannan ai rabin gyara ne.

Bayan 'yan kwanaki na kai Inna ta'aziyya Zurmi. A lokacin ba mai bin hanyar nan shi kaɗai saboda 'yan bindiga, sai motoci sun taru a tafi tare. A dawowa muka biyo ayari da la'asar. A wata kwalbati da ta karye kowa ya rage gudu, na taka kuloci, sai kawai ya nutse ƙasa ya ƙi dawowa. Motar ta yi tari ta mutu. Na leƙa ƙarƙashinta, ga man kulocin nan yana ɗiga daga bakin tiyo. Daji hagu, daji dama, motoci suna ta wuce mu. Gaskiya na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Direban motar ƙarshe ya tsaya, ya ce wurin mutum ɗaya gare shi. Na ce, "Inna, ki bi shi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni zuwa ko'ina in bar ka nan. Ce mishi ya tahi." Na roƙe ta, har na ɗaga murya. Ta ce, "Ni na haihe ka ko kai ka haihe ni?"

Direban ya ja motarsa. A nan ne maganar mai gyaran waya ta faɗo mini. Na tura giya ta ɗaya, na yi bismilla na murɗa makulli. Motar ta zabura, ta yi tsalle-tsalle, injin ya kama. Da ƙyar na cusa ta biyu, kuma a haka muka taho, tana kuka ina hon, ban yarda na tsaya ko don akuya ba.

Da muka shigo Ƙaura na kashe ta a bakin gareji. Bakaniken ya ɗaure tiyon, ya zuba mai, ya fitar da iska, shi ke nan. Amma tun kafin in fito daga motar na lura hannun Inna yana riƙe da gefen rigata, har yatsunta sun ƙage. Ashe ita ma tsoron take ji.

Tun daga ranar, in an yi wa mota babban aiki sai na gaji da gwada ta a cikin gari kafin in ɗauki kowa. Na gane cewa in na shiga hanya da abin da ban tabbatar da lafiyarsa ba, ba raina kaɗai na saka ba, har da na wadda ba za ta taɓa yarda ta sauka ta bar ni ba.