Alamar da Tsuneo ya kankare

Tsuneo Urabe bai taɓa buga besbol ba, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, ko sau ɗaya. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana ɗan shekara huɗu, ya tashi yana jan ta. Amma a garinmu na masunta, in gardama ta kaure kan wani tsohon wasa na makarantar sakandare, wurinsa ake zuwa a raba ta. Shekara hamsin da ɗaya ya yi yana rubuta wasannin makarantar, jifa bayan jifa, a littattafai masu koren bango. Sun kai sittin da uku. Da safe yana masana'antar ƙanƙara ta bakin teku, da yamma yana gefen fili da littafi a cinya. Bai yi aure ba. Mu jikokin yayansa Kaka Ƙarami muke ce masa.

Ya fara ne a 1968, yana da shekara goma sha shida. Yayansa Kiyoji yana ajin ƙarshe, shi ke tsaron tasha ta uku cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci, kuma duk garin an san hannunsa ba ya zubar da ƙwallo. Tsuneo kullum yana jingine da wayar shingen fili yana kallo, har kocin ya gaji da ganinsa ya miƙa masa littafi da alƙalami.

"Da tawada ake rubutawa, ba da fensir ba," in ji kocin. "Kada ka ɗauke ido daga ƙwallo. Abin da ka gani shi za ka sa, ko a kan ubanka ne."

Gasar bazara ba ta da gobe. Aka ci ku sau ɗaya kun fita, 'yan ajin ƙarshe kuma sun tuɓe rigar ke nan har abada. A wannan shekarar makarantarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe na lardi, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma sake yi ba. Ranar ko jirgi ɗaya bai fita teku ba. Waɗanda ba su sami motar zuwa wurin wasan ba suka taru a gindin rediyo a kasuwar kifi.

Zagaye na ƙarshe muna gaba da ci ɗaya. Mun fitar da masu bugu biyu, saura ɗaya a tashi da nasararmu. Abokan karawa suna da mutum biyu a kan tasha. Aka buga ƙwallon ta ƙasa, ta nufi Kiyoji, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Mutum biyun suka shigo gida, ci biyu. Shi ke nan.

In ƙwallo ta wuce mai tsaro haka, mai rubutu ne ke yanke hukunci: ko bugun ne ya yi kyau, ko mai tsaron ne ya yi kuskure. Alama biyu ce daban, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Tsuneo ya sa ta kuskure, da lambar yayansa a gefe.

Tsofaffin 'yan wasan makarantar suna da al'ada: ranar biyu ga sabuwar shekara su taru a zauren ƙungiyar masunta, a gasa busasshen kifi, a ɗuma giyar shinkafa, a karanta wasan 1968 daga farko har ƙarshe. Tsuneo ne mai karatu. Kowace shekara in ya doso layin nan sai a fara taɓa juna.

"Ga shi nan tafe! Kwalbati, buɗe ƙafa ruwa ya wuce!"

Sunan da suka laƙaba wa Kiyoji ke nan, ya bi shi har cikin jirgi.

"Tsakuwa ce!" Kiyoji zai daka tsawa, fuska jawur. "Tsakuwa ta buga ta canja hanya, 'yan banza! Ku da ko taɓa ta ba ku yi ba!"

"To Malam Alƙali, me littafi ya ce?"

Tsuneo, ba tare da ya ɗaga kai ba: "Kuskure, tasha ta uku."

A fashe da dariya, a cika wa Kiyoji kofi. Shi ma yana dariyar, amma Fumie matarsa ta ce duk shekara in ya dawo daga taron sai ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Bai sake taka filin wasa ba. Da ɗansa ya zo da takardar shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta, ya ninke ta ya jefa a murhu.

Kiyoji da Tsuneo ba su yi gaba da juna ba. Tare suke cin abincin Lahadi, in jirgi ya dawo kifin da ya fi kyau na ƙaninsa ne. Sau ɗaya tak Kiyoji ya roƙe shi ido biyu, ba giya a kansa, ranar da suka dawo daga ƙona gawar mahaifiyarsu bisa al'adarmu.

"Tsuneo, ka gyara mini abin nan mana. Wa zai sani? Kocin ma ya mutu."

"Ban ga tsakuwa ba, Yaya."

"Ni na gan ta. Ni ne a wurin, ba kai ba."

"Ban gan ta ba."

Kiyoji ya ce, "Taurin kanka ya fi na ƙafarka." Bai sake tayar da maganar ba.

Gaskiya Tsuneo ya faɗa, bai ga tsakuwa ba. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ko ƙwallon ma bai gani ba. A daidai lokacin tawada ta ɗiga a shafi, ya sunkuya yana goge ta da hannun riga. Ƙarar sanda ya ji, kafin ya ɗago ƙwallon tana bayan yayansa tana gangarawa. Ya ji kunyar ce wa koci ya ɗauke ido. Ya kuma ji tsoron a ce gurgu ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sai ya sa alamar da ba wanda zai zarge shi a kanta. Bayan nan kuwa kowane sabon littafi ƙara ɗaure shi yake: in ya ce na farkon zato ne, wa zai yarda da sauran?

Garin ya yi ta raguwa. Matasa suka tafi birni, jirage suka ruɓe a ɗaure. Aka kai lokacin da makarantar ba ta iya haɗa 'yan wasa tara, a 2019 aka rufe ta gaba ɗaya. Masu taron sabuwar shekara suka koma su biyar, biyu ba sa ji sosai. Shi kuma Kiyoji mantuwa ta kama shi, har ya fara fita neman jirgin da aka sayar tun tuni. Fumie ta kasa, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a garin gaba. Ya manta sunan ɗansa. Amma ma'aikatan sun ce wani lokaci yakan sunkuya a kujerarsa ya buɗe hannuwa kusa da ƙasa, kamar mai jiran abu.

Da Tsuneo ya ji haka, ya sauko da littafi na ɗaya ya ɗauki reza. Takardar ta tsufa. Ya yi ta kankara a hankali har wurin ya yi shara-shara, ya rubuta alamar bugu mai kyau a kai. Tawadar ta baje kamar a kan tsumma. Ya naɗe littafin a ƙyalle, suka hau bas shi da Fumie. A hanya ne ya faɗa mata komai. Ta juya tana kallon teku ta taga, sai da suka kusa sauka ta ce, "Shekara hamsin ina dafa wa mutumin nan abincin da ba ya ci, ashe a kan ɗigon tawada ne."

Suka tarar da Kiyoji a bakin taga, bargo a gwiwa. Ya gaida Tsuneo da ladabi irin na baƙo.

"Yaya, ni ne. Na zo maka da littafin. Duba nan, na gyara. Tsakuwa ce."

Kiyoji ya karɓa. Mutumin da ba ya gane cokali, sai ga yatsansa yana bin layukan daidai, zagaye bayan zagaye, leɓensa na motsi. Ya iso wurin ya tsaya. Ya shafa kankarar da babban yatsa.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Yaya. Ban ga ƙwallon ba ranar. Kaina yana ƙasa."

"Kai malam, ka kiyaye ni." Muryarsa ta tashi har ma'aikaciya ta leƙo. "Littafin ƙanena ne wannan. Yaron nan ba ya ɗauke ido, ba ya ƙarya. In ya ce kuskure na yi, to kuskure na yi. Fumie, wa ya bar wannan mutumin ya ɓata wa Tsuneo littafi?"

Ya rungume littafin a ƙirji ya ƙi saki. Sai da barcin rana ya ɗauke shi Fumie ta zare.

Tsuneo ya koma sau uku, duk a banza. Da ya shigo Kiyoji zai juya fuska bango ya ce a fitar da mai reza. Kiyoji ya rasu a ƙarshen kakar wannan shekarar.

Ranar biyu ga sabuwar shekara tsofaffi huɗu suka zo zauren, suka gasa kifinsu suka jira mai karatu. Tsuneo ya aika musu cewa ƙafarsa na ciwo. Ba a sake taron ba.

Littattafan suna gidanmu yanzu, a cikin kabad ɗin shimfiɗu, don ɗakin karatu na lardi ya ce ba shi da wurin ajiye su. Kaka Ƙarami yana nan da ransa. In an sa gasar bazara a talabijin yakan zauna ya kalla, hannuwa a kan gwiwa, ba ya rubuta komai. Shafin nan kuwa ya ƙarasa hujewa. In aka ɗaga shi sama, ba alamar kuskure, ba ta bugu, haske ne kawai ke shigowa ta wurin.