Hayaƙin Awaki Washegarin Ruwan Farko

Mai ɗakina ta rasu a watan Janairu, ta bar mini awaki uku. Ta bar wasu abubuwan ma, amma su ba sa kuka da asuba.

Shekara talatin da huɗu muka yi tare a gidan nan na Azare. Kowace shekara, washegarin ruwan farko, takan yi wani abu da ta gada wurin kakarta, Bafulatanar wajen Shira. Takan hura wuta biyu a tsakar gida, ta jibga musu ɗanyen ganyen darbejiya har hayaƙi ya turnuƙe, sannan ta bi da awakinta ta tsakiya. Da yara suna ƙanana har da su take haɗawa. Ni kuwa sai in ɗauki rediyona in koma zaure. Na taɓa ce mata wannan camfi ne. Ta ce maganin kaska ne. Na ce to yaran fa, su ma kaska gare su? Ta ce ban duba ba ne. Daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

Autarmu tana aikin jinya a ƙasar Ailan. Ranar da uwarta ta cika tana bakin aiki, kafin ta tashi ta duba waya har mun dawo daga maƙabarta. Ba ta samu hutun zuwa ba. Tun daga nan takan kira ni kowace Juma'a, ta tambayi ƙafata, in tambayi sanyi, sai mu yi shiru har ɗayanmu ya ce to.

A farkon watan Mayu ta kira ni ranar da ba Juma'a ba.

"Baba, ka san abin da na gani jiya? Mutanen nan sun hau wani tudu sun hura wuta, wai bikin fitarsu daga sanyi. Wata tsohuwa da muke aiki tare ta ce zamanin kakanninsu, tun kafin coci ta zo musu, wuta biyu ake hurawa a bi da shanu ta tsakiya."

Na ce, "Ashe su ma kaska na damunsu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "An yi ruwa a Azare?"

"Tukuna. Hadari yana haɗuwa ta gabas ya watse."

"In an yi, ka yi wa awakin Inna. Ka ɗauka a waya ka turo mini."

"Ban iya ba."

"Shekara talatin ana yi a gidanka, Baba."

"A tsakar gida ake yi. Ni ina zaure."

Ta ce, "Ban ga wankanta ba, ban ga fitarta ba. Wannan kaɗai na roƙe ka."

Na ce to.

Bayan sati uku aka yi ruwan, mai ƙarfi, har ya kwanta a ƙofar gida. Washegari da hantsi na fita da adda na sassaro darbejiyar bakin titi. 'Yan acaɓan da ke hutawa a gindinta suka ce, "Baba, zazzaɓi ne?" Na ce na awaki ne. Na shiga na rufe ƙofar zaure, abin da ban taɓa yi da rana ba.

Itacen duk ya jiƙe, sai da na haɗa da kwali da kananzir. Na hura wuta biyu, suka kama fiye da yadda na nema. Na jingina waya a jikin turmi, na kwance awakin. Babbar akuyar ta dubi wutar, ta dube ni, ta shige ɗakin girki. Bunsurun ya haye kan tarin itace. Ƙaramar ta shiga tsakanin ƙafafuna ta tsaya. Na fito da babbar na ja igiya, ta turje, na sake ja, ta zauna. Ban san akuya tana zama haka ba. Ina cikin tari sai na ji an bankaɗo ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu da maƙwabta.

Maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya mai sayar da kwanuka da robobi a babbar kasuwa, wadda ta zauna a unguwar nan tun ba a haifi Auta ba. Bokiti ne a hannunta cike da ruwa.

"Malam, gobara ce?"

"Ba gobara ba ce, Iya."

Ta dubi wuta biyun, ta dubi ganyen, ta ajiye bokitin a hankali. Ta ce, "Au. Jiya aka yi ruwa." Ta sa gefen zanenta ta share fuska, ta daɗe tana sharewa. Sannan ta ce, "Wannan wutar ai ta gasa rago ce. Kuma wa ya ce maka jan akuya ake yi?"

"Kin san yadda ake yi ne?"

"Wa kake tsammani yake riƙe mata ƙananan duk shekara? Kai kana zaure kana jin labaran duniya."

Gaskiyarta ce.

Ta yayyafa wa wutar ruwa har ta lafa, ta sa ni na ja ɗaya gefe da shebur, ta ƙara ganye. Hayaƙin ya koma fari mai kauri, yana bin ƙasa. Ta ce in ɗauko kwanon dusa, wanda gefensa ya lotse, in zuba dusa kaɗan, in riƙa buga shi da ludayi ina tafiya, kada in waiwaya.

"Marigayiya ita take yin gaba, su biyo ta."

"Me take faɗa in za ta shiga?"

"Bismillah mana, me za ta faɗa? Sai kuma zagin bunsuru."

Na miƙa mata kwanon. Ta ƙi karɓa. "Ba awakina ba ne, Malam. Kawo wayar in riƙe maka."

Na yi bismillah na shiga. Taku uku ne ko huɗu, amma ban ga gabana ba, idona yana ta zuba, kuma hayaƙin darbejiya ɗaci gare shi har a maƙogwaro. Ina buga kwano sai na ji hancin babbar ya taɓa bayan gwiwata. Ƙaramar ta biyo ta. Bunsurun ya zagaya ta bayan turmi ya riga kowa zuwa wurin dusa. Iya ta ce bara ma haka ya yi mata, kuma ta gaya mini abin da marigayiya ta kira shi. Ba zan rubuta a nan ba.

Da na duba bidiyon, rabinsa babban yatsan Iya ne, rabinsa hayaƙi. Haka na tura.

Auta ta kira bayan la'asar, da ta tashi daga aiki.

"Ban ga komai ba, Baba. Amma na ji kwanon. Shi ne mai lotsatsen gefen nan?"

"Shi ne."

"Na saurara sau biyar." Ta ja hanci. "Wace riga ce a jikinka?"

"Farar nan ta shadda. Yanzu dai ba fara ba ce. Warin hayaƙi kawai take yi, gobe zan bayar a wanke."

"Kada a wanke. Ka ajiye mini, zan zo a Disamba in Allah ya yarda."

Na ce mata warin hayaƙi ba ya kaiwa Disamba. Ta ce in ajiye dai.

Na cire rigar na ninke, na sa ta a leda, na sake sa ledar a cikin wata ledar, na ɗaure bakin sosai.