Inna Ba Ta Kiran Sunansa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya Habibu, amma wallahi har yau in na ga lamba tara a bayan riga sai gabana ya faɗi. Ni ne autan gidanmu, yanzu ina aji uku a jami'a. 'Yan ajinmu sun san ni da surutu da iya shege, in ana musun ƙwallo ba a jin muryar kowa sai tawa. Ranar da ya rasu in ta zagayo, ita ce kawai nake yin tsit.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ɗan wasan gaba ne, mai lamba tara. A filin firamare na Birnin Gwari ya fara yanka mutane da ƙwallo ba takalmi, daga nan Kaduna, daga nan wani ƙaramin kulob a Turai ya ɗauke shi, ƙasa mai sanyin bala'i. Ba ƙarya, gayen ya haɗu. Ranar da yake da wasa, har daga Damari da Kutemeshi samari kan zo gidan kallon unguwarmu, uku-uku a kan babur.

Mutum ɗaya ce ba ta kallo, Innarmu. Yaya ɗan fari ne, ita kuma irin mutanen da ce, ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ake yabonsa. "Wancan" take ce masa. In ya kira ta bidiyo, gaisuwa biyu sai ta miƙo min wayar ta shige madafa.

"Auta, tsakaninka da Allah, ta ga ƙwallon jiya?"

"Cewa ta yi ƙato da kai kana bin tamaula da gajeren wando."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Bar ta, ranar da na dawo sai ta faɗi sunana ko da cakulkuli ne." Dariya yake yi, amma na san abin yana cin sa.

Hutunsa na ƙarshe ya so zuwa gida. Lokacin hanyar Kaduna ta ɓaci, ana ta ɗaukar mutane. Inna ce ta aika masa ta bakin Kawu cewa kar ya kuskura ya zo, mutanen daji sun san fuskarsa. Ya haƙura. Kafin wani hutun ya zagayo, zuciyarsa ta tsaya a filin atisaye. A can aka binne shi, Musulman da ba mu san ko ɗayansu ba suka yi masa sallah. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ko wannan kunya ta hana ta.

Yanzu hanya ta ɗan yi sauƙi, an fara komawa gona, yara sun dawo fili. Da Yaya na nan na san ko jaka ba zai tsaya haɗawa ba. Amma abin da zai fi ɗaure masa kai a ɗakin Inna yake. Bara na zo hutu ina kallon tsofaffin ƙwallayensa a waya, sai ga ta tsaye a kaina.

"Mayar min wajen da Baturen nan yake ihu."

Na mayar. Mai sharhi ya ja sunan, "Habiiibu!" Ta ce in sake. Haka muka yi ta yi har caji ya mutu.

Yaya bai ci kofi ba, a kulob ɗin ma yanzu wani ke sa lambarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya rage mana wannan ɗan bidiyon ne, na tura mata a wayarta na koya mata inda ake dannawa. Har yau ba ta faɗi sunan ba. Baturen take sawa ya faɗa mata, leɓenta na motsi a bayansa.