Mai Gyara da Batirin Ƙirjin Mijina

Ni ba mai yabon mutane ba ce, 'ya'yana za su shaida. Amma akwai wani mutum da ya kamata a ce na gode masa tun yana da rai, ban yi ba, don haka zan yi yanzu.

Mai Gyara muke ce masa. Ya kama hayar shagon da ke jikin gidanmu tun yana saurayi, a nan kuma ya yi furfura. Rediyo ya fara gyarawa, daga baya talabijin. Shagon ƙunci, cike da gawarwakin akwatuna da masu su suka manta da su, ga warin dalma, ga benci guda mai gurguwar ƙafa. Matarsa ta rasu da wuri, ya raini 'yarsu shi kaɗai a bayan teburin nan, bai sake aure ba. Ba shi da tsabta, kuma bai taɓa cika alkawarin ranar da zai gama aiki ba.

Duk talabijin da ya gyara, da finafinan sararin samaniya yake gwada ta. Ya ce baƙin sama da ɗigon taurari ne ke tona asirin gilashi, in da saura matsala nan take za ta fito. Da gwaji ya fara, har abin ya shige masa rai. Ba ya jin harshen da suke yi, sau da yawa ma ba a haɗa lasifika ba tukuna, sai ya kalli hoton ya yi masa nasa tafsirin. A wajensa duk wa'azi ne. In ya ga jirgi ya kwashi ragowar mutane daga duniyar da ta lalace, sai ya ce ai labarin Annabi Nuhu suka ara ba su faɗa ba. In masani ya ƙera wata halitta ta juyo kansa, sai ya ce girman kai ne, tun daga Iblis ake yinsa. Ni dai ina ganin ɓata wuta ne.

Mijina tsohon direban babbar mota ne, mutum mai gardamar tsiya. Da zuciyarsa ta fara tsallake bugu, yana faɗuwa a tsakar gida, likita ya ce sai an dasa masa wani ɗan batiri a ƙirji, in ba haka ba wata faɗuwar ba tashi. Mijina ya ce sam. Wai ba zai je gaban Ubangiji da inji a jiki ba, wai jayayya ce da ajali. Yara suka yi kuka, ƙaninsa ya yi magana, ni na yi masifa har muryata ta dushe. Ya ɗauki sandarsa ya koma benci a shagon Mai Gyara don ya huta da mu.

Wata rana da hantsi na kai masa maganinsa can, na tarar suna kallo. Wata mata ce a jirgin sama jannati, ta yi hatsari, an sauya mata hannu da ƙafa da zuciya da ƙarfe, abokan tafiyarta suna ta muhawara a kanta.

Mai Gyara ya ce, "Yaya Direba, wannan ai ta gama zama mutum. In ta mutu ba sallah, sai a kai ta wajen masu gwangwan."

"Kai dai jahili ne," in ji mijina. "Wa ya ce maka ƙarfe na korar rai?"

"To zuciyarta fa? Inji ne ke bugawa."

"Inji ne ke bugawa, wa ya ba injin izini? Na yi shekaru ina sauya wa mota inji, direba bai taɓa sauyawa ba. Rai na Allah ne, malam. Ƙarfe ba ya ƙara shi, ba ya rage shi."

"Ko da minti ɗaya?"

"Ko da ƙiftawar ido! Ranar da wa'adinta ya cika, ko batiri ɗari ne a jikinta sai ta tafi."

Mai Gyara bai ɗago daga wayar da yake fiƙewa ba. Ya ce, "Ashe haka ne. To ni da na ɗauka naka batirin ya fi ƙarfin Mala'ikan mutuwa ne, shi ya sa kake jin kunyar sa shi."

Mijina ya juyo ya gan ni a tsaye da magani, ya ce, "Ke kuma me kike kallo?" Na ce fim.

Ya karɓi maganinsa, muka shiga gida. Washegari ya ce wa babban ɗanmu ya kira likitan, yana ta nanata cewa shi ya yanke shawara, ba wanda ya sa shi. Aka yi aikin. Ya ga auren autarmu, ya ga jikoki, ya ci gaba da gardama da kowa.

Na taɓa tambayar Mai Gyara ko da gangan ya sa fim ɗin nan ranar. Ya ce, "Haba Yaya, talabijin ɗin mai kanti nake gwadawa." Amma 'yarsa ta gaya mini, bayan rasuwarsa bara, cewa ya yi kwanaki yana bin masu sayar da faifai, yana kwatanta musu irin wanda yake nema, suna yi masa dariya.

Abin da kawai na taɓa yi masa shi ne na daina faɗa a kan tarkacen da yake jibgewa a ƙofarmu. Bai isa godiya ba, na sani. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mijina yana ɗaki yanzu haka, yana ƙwala mini kira wai shayinsa ya huce.